Ina da NIN, me ya sa har yanzu ake tambayata takardar haihuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na je neman fasfo domin tafiya Umara, na ba da lambar NIN, sai aka ce in kawo takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da kuma takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ni a zatona tun da an ɗauki yatsuna goma da hotona, magana ta ƙare. Ashe NIN ba ita ce shaidar cewa ni ɗan Najeriya ba ne? Sannan ina da yara uku da aka haifa a gida, babu mai takarda a cikinsu. In bari su girma a yi musu NIN kawai? Daga wani mai karatu a Gumel.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a yi ibada karɓaɓɓiya. Waɗanda suka nemi takardun nan ba su zalunce ka ba, domin kowace takarda da tambayar da take amsawa. NIN tana tabbatar da abu ɗaya ne: mai waɗannan yatsu da wannan fuska mutum guda ne, kuma bai yi rajista sau biyu da suna biyu ba. Ba ta faɗin inda aka haife ka da hujja, ba ta kuma yanke hukunci a kan ƙasarka. Dokar 2007 da ta kafa NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ta ce a yi wa 'yan ƙasa rajista, a kuma yi wa baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida. Ke nan ɗan Labanon mai shago a Kantin Kwari, in dai yana da izinin zama, shi ma zai iya riƙe lamba mai alƙaluma 11 irin taka.

Zama ɗan Najeriya ta hanyar haihuwa kuwa tsarin mulkin 1999 ne ya fayyace shi, a sashe na 25. Wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yanci, sai ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya kasance ɗan ƙasa kafin shi ma ya zama. Haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta isa ba, saɓanin yadda ake yi a Amurka. Fasfo kuma takarda ce da ƙasa ke cewa duniya "wannan nawa ne", shi ya sa jami'in shige da fice yake neman abin da zai haɗa ka da iyaye da kuma wani gari. Takardar haihuwa ta ba shi rana da wuri da sunayen iyaye. Takardar ƙaramar hukuma ta ba shi asali. Ga mutumin Gumel da Maigatari, inda dangi ɗaya ke zaune gefe biyu na iyakar Najeriya da Nijar, wannan tambaya ta fi tsanani, kuma ka san haka.

Ba Najeriya kaɗai ke da wannan rabe-rabe ba. Indiya ce ta fi kowa nisa a harkar: ta fara ba da lambar Aadhaar a 2010, yau sama da mutum biliyan ɗaya da miliyan ɗari uku ke da ita, amma dokar ƙasar ta faɗa ƙarara cewa lambar ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce. A 2018 Kotun Ƙolin Indiya ta amince gwamnati ta riƙa neman lambar wajen rabon tallafi, ta kuma hana a tilasta wa mutane haɗa ta da asusun banki da layin waya. Mu a nan akasin haka muka bi. A Disamban 2020 aka ba da umarnin haɗa kowane layi da NIN, a Afrilun 2022 aka toshe kiran waɗanda ba su haɗa ba, JAMB ma ta mayar da lambar sharaɗin rajista tun 2021. Wannan matsin ne ya cika ofisoshin rajista, har adadin masu lamba ya wuce miliyan 100 a 2023. Kafin nan an sha gwadawa ana faɗuwa. Masu shekaru za su tuna katin 2003 na zamanin Obasanjo, wanda kwangilarsa da kamfanin Sagem na Faransa ta ƙare da zargin cin hanci har aka gurfanar da manyan jami'ai.

Inda nake da ƙorafi a kan yadda ƙasashe masu tasowa ke tafiyar da wannan aiki shi ne an fara gini daga rufi. Ana zuba kuɗi wajen na'urorin ɗaukar yatsa da kwamfutoci, ofishin rajistar haihuwa kuwa yana can da ma'aikaci ɗaya da tsohon littafi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa kanta burin cewa zuwa 2030 kowa zai sami shaidar da doka ta sani, kuma ta ambaci rajistar haihuwa da suna a cikin burin. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa kimanin mutum miliyan 850 ba su da wata shaida ta hukuma, kusan rabinsu yara ne, mafi yawa a Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya. A Najeriya binciken lafiyar jama'a na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista, kuma arewa ce a baya, musamman da yake yawancin haihuwa a karkara a gida ake yi da ungozoma.

Me ke faruwa idan mutum ya zo rajistar NIN ba shi da tushe? Duk abin da ya faɗa, ko abin da mai na'ura ya ji, shi ake shigarwa. Dattijuwar da ta ce an haife ta shekarar da aka yi yunwa sai a rubuta mata 1 ga Janairu da wata shekara ta ƙiyasi. Muhammadu ya zama Mohammed a banki, Muhammad a katin zaɓe, Mamman a takardar makaranta. Da can wannan ba ya damun kowa, domin kowane ofishi da littafinsa. Yanzu da aka haɗa NIN da lambar banki ta BVN da fasfo da layin waya, harafi ɗaya ya saɓa sai na'ura ta ce mutum biyu ne, a rufe asusu ko a tsayar da fansho. Gyara kuma yana cin kuɗi da lokaci, na ranar haihuwa ya fi kowane wuya, kuma abin da za a fara tambaya wajen gyaran shi ne takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya da tun farko ba a yi ba. Ga kuma manoma da masu aikin hannu da tsofaffi waɗanda zanen yatsunsu ya goge, na'ura ta ƙi karanta su.

Akwai wani gefen da ba a cika faɗa ba. Idan aka ce sai da lamba za a yi komai, wanda aka hana lamba an kore shi daga komai ke nan. A Kenya, Nubiyawa da Somalawa 'yan ƙasar sun shafe shekaru suna fuskantar kwamitin tantancewa kafin a ba su katin da wasu ke samu ba wahala, kuma ƙungiyar Nubiyawa na cikin waɗanda suka kai Huduma Namba, shirin gwamnatin ƙasar na ba kowa lambar shaida, kotu. A 2021 babbar kotu ta ce fitar da katunan ya saɓa doka tun da ba a yi nazarin kare bayanan jama'a ba. A Ghana, Kotun Ƙoli ta ce a 2020 takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce wajen rajistar zaɓe, abin da ya fi taɓa irin mazauna zango waɗanda kakanninsu suka zo fatauci tun kafin a shata iyakoki. Mu ma takardar ƙaramar hukuma da aka nema a wurinka tana da nata ciwon. Kai za ka same ta cikin sauƙi a garin iyayenka, amma Bahaushen da aka haifi kakansa a Jos yana iya rasa wadda za ta karɓe shi a can, garin asalin ma ba wanda ya san shi. A ganina wannan takarda ta fi NIN buƙatar gyara, sai dai siyasa ba ta bari a taɓa ta.

Yanzu batun yaranka, kuma nan ne nake so ka fi ba ni hankalinka. Kada ka jira. Rajistar haihuwa aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, NPC, ƙarƙashin dokar 1992 da ta wajabta yin ta cikin kwana 60 da haihuwa. Wuce wa'adin ba ya rufe ƙofa, ana yi wa yaro muddin bai kai shekara 18 ba. Haihuwar gida ma ba ta hana komai. Ka je sakatariyar ƙaramar hukuma ko asibitin gwamnati mafi kusa ka nemi ma'aikacin hukumar ƙidaya. Katin rigakafi, in suna da shi, yana taimakawa wajen tabbatar da ranar haihuwa, amma shi da ɗan katin da asibiti ke bayarwa duk ba su ne takardar ba. Ta hukumar ƙidaya ce doka ta sani. Da ita a hannu za ka iya yi musu NIN tun suna ƙanana, a jingina ta da taka lambar ko ta mahaifiyarsu, in sun kai shekara 16 su koma a ɗauki yatsunsu.

Ka zauna da uwargida ku tsayar da rubutun sunan kowane yaro da tsarin jerinsa, nasa sannan naka, ku rubuta a takarda ku tafi da ita. Kada ka bar wa mai rajista ya rubuta yadda ya ga dama, kuma ka karanta kafin ka bar teburin. 'Yan mata ma a yi musu kamar yadda za a yi wa maza, domin su ne aka fi mantawa, sai ranar da za a buɗe asusu ko a tafi Hajji a fara fafutuka.

Kai kuma da ka wuce 18, ba za a ba ka takardar haihuwa irin ta yara ba. Za ka yi rantsuwar shekaru a babbar kotu, ka kai wa hukumar ƙidaya ta ba ka takardar tabbatar da haihuwa. Kafin ka rantse, duba ranar da ke jikin takardar NIN ɗinka. In daidai take, ita za ka rubuta ko'ina. In kuskure ce, ka fara da gyara ta kafin ka biya kuɗin fasfo, domin ofishin fasfo daga rumbun NIMC yake jawo suna da ranar haihuwa, kuma abin da ya tarar can shi zai buga.