Idan Akwai Wariya a Amurka, Yaya 'Yan Najeriya Suke Samun Arziki a Can?

Tambaya: Malam, ƙanena ma'aikacin jinya ne a Houston, har ya sayi gida. Kullum yana ce min lalaci ne ke damun baƙaƙen fatan Amurka, ba wariya ba, tunda shi ma fatarsa baƙa ce kuma ya samu. Yana da gaskiya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah Ya ƙara wa ƙanenka buɗi. Guminsa ya ci, kuma ba shi kaɗai ba ne: ƙidayar Amurka ta daɗe tana nuna cewa kusan kashi 60 cikin 100 na manyan da aka haifa a Najeriya suke zaune can suna da digiri, alhali a tsakanin Amurkawa baki ɗaya abin bai kai kashi 40 ba. Amma hukuncin da ya yanke wa mutanen da ya tarar, ban yarda da shi ba.

Wane ne yake isa Amurka daga Najeriya? Wanda ya yi karatu, ya iya Turanci, ya haɗa kuɗin jirgi, ya gamsar da jami'in biza a Abuja ko Legas. Ko cacar biza, wadda aka cire Najeriya daga cikinta tun zagayen 2015, ba ta karɓar mutum sai da shaidar sakandare ko ƙwarewar aiki ta shekara biyu. Biza rariya ce mai ƙananan ƙofofi. Yaron da bai taɓa shiga aji ba da manomin da ke fama da kuɗin taki ba su shiga lissafin ba, domin suna gida. To ta yaya za a ɗauki waɗannan zaɓaɓɓu a gwada su da al'umma ta mutum sama da miliyan 40, har da marayunta da marasa lafiyarta?

Abin da sabon zuwa ba ya saurin gani shi ne bambancin albashi da dukiya. Albashi na wata ne, dukiya kuwa gado ce, kuma a Amurka yawancinta a gida take. An soke bauta a 1865 ba tare da an ba akasarin bayin ko taƙi ɗaya na ƙasa da ya ɗore a hannunsu ba. A shekarun 1930 gwamnatin tarayya ta zana taswirorin birane, ta shafa wa unguwannin baƙaƙen fata jan launi a matsayin wuraren da ba da bashi ke da haɗari, hukumar lamunin gidaje da aka kafa a 1934 kuma ta riƙa kauce musu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe wa tsofaffin sojoji ƙofar rance da karatu ta dokar 1944, amma jami'an jihohi da bankuna ne suka riƙe makullin. A jihar Mississippi, cikin rance sama da 3,000 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji a 1947, biyu kacal suka je hannun baƙaƙe. Sai a 1968 doka ta hana wariya wajen sayar da gida ko ba da haya. Kafin nan fararen fata sun shekara talatin suna sayen gidajen da darajarsu ta yi ta ninkawa, suka bar wa 'ya'ya da jikoki.

Ga inda abin ya kai. Binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna matsakaicin iyalin farar fata na da dukiyar kusan dala 285,000, na baƙar fata kuwa kusan dala 45,000. Kuma da yake harajin gidaje na ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati, unguwar da aka karya wa daraja ita ce makarantarta ke fama. Wannan shi ake nufi da wariyar da ta shiga tsari: ba sai wani ya zage ka ba take aiki.

Ba ta kuma tsaya a tarihi ba. Masana tattalin arziki Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Chicago, iri ɗaya sai suna kawai. Masu sunan fararen fata sun fi samun kira da kashi 50 cikin 100. A birnin Milwaukee, masaniyar zamantakewa Devah Pager ta gano mai neman aiki farar fata da ya ce ya taɓa zaman kurkuku ya sami kira kashi 17, baƙar fata da ba shi da wani laifi kuwa kashi 14. Ɗan ci-rani ma bai tsira ba. Amadou Diallo ɗan Gini ne, ba jikan bayi ba, amma a 1999 'yan sandan New York suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidansu, ba ya riƙe da makami.

Akwai abin da ya fi damuna a maganar ƙanenka. Kafin 1965 dokar shige da fice ta fifita Turawan arewaci da yammacin Turai, 'yan Afirka ƙalilan ake bari. Gwagwarmayar su Martin Luther King, da duka da ɗauri da kisan da baƙaƙen Amurka suka sha, ita ta haifar da dokar 'yancin jama'a ta 1964, kuma a wannan guguwar Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar 1965 da ta rushe wancan fifiko. Asibitin da ya ɗauke shi aiki da bankin da ya ba shi rancen gida, mutanen da yake kira malalata ne suka tilasta doka ta hana su korar mai irin fatarsa.

Ka kuma ja hankalinsa kan 'ya'yansa, musamman maza. Binciken masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa na 2018 ya nuna yaro baƙi da ya taso a gidan masu hali ya fi farin takwaransa faɗowa ƙasa idan ya girma, ko da kuɗin shigar iyayensu ɗaya ne. Ɗansa ba zai yi magana da harshen Zazzau ba, ba kuma wanda zai tambaye shi inda kakansa ya fito kafin ya yanke masa hukunci. Ya zaɓi unguwa da makaranta da idon basira, ya rubuta wasiyya kan gidan nan, ya kuma kusanci maƙwabtansa baƙaƙen Amurka, don sun riga shi sanin yadda ake renon yaro a ƙasar.