Tambayi Mai Gareji: Babur mai kwando zai kai ni Bilma?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Na sayi babur na hannu ƙirar Ural, irin mai kwando a gefe da ƙafa ta uku, kuma ƙafar kwandon ma tana ja. Kakana dillalin gishirin Bilma ne, tun ina yaro nake jin sunan garin a bakinsa. Ina so a watan Disamba ni da ƙanena mu tashi daga Daura, mu bi Damagaram da Agadas har Bilma, mu biyu kawai a kan babur ɗin. Jarka nawa ta mai zan ɗauka, kuma waɗanne kayan gyara?
Mai karatu daga Daura

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Wasiƙarka ta faranta mini rai, don na yi shekaru ina bin manyan motoci tsakanin Agadas da Dirku, garin da ke kusa da Bilma, da farko ina yaron mota, daga baya ina bakanike, kuma har gobe idan iskar hunturu ta kaɗa can hankalina yake tafiya. Amma ba zan ɓoye maka ba: ku biyu, a kan babur ɗaya, ba ku zuwa Bilma. Ɗauko takarda mu yi lissafi tare.

Daga Agadas zuwa Bilma ta Fachi wajen kilomita 600 ne, babu gidan mai a tsakani. Tankin babur ɗinka lita 19 yake ci. A kan kwalta, da kaya, ka sa masa lita 7 a kowace kilomita 100. Cikin yashi mai laushi, inda za ka wuni a giya ta ɗaya da ta biyu, ninka shi. Ka ga lita 84 ke nan, kuma duk wanda ya san hamada yana ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda ɓatan hanya da kewaye tuddai. Mun haura lita 110, nauyin kusan kilo 80. Sai ruwa. Ko a lokacin sanyi kada ka yi wa mutum ɗaya ƙasa da lita 6 a rana, balle mai haƙa yashi da tura babur. Kwana biyar na tafiya, da kwana uku na ko-ta-kwana, ku biyu: kusan kilo 100. To shi babur ɗin da kwandonsa kilo 330 ne da 'yan kai, kuma kamfanin ya ce kada jimillar nauyi ta wuce kilo 600. Cire nauyinka da na ƙanenka, abin da ya rage bai fi kilo 130 ba. Mai da ruwa kaɗai sun kai 180, ba a sa abinci ba, ba a sa bargo da shebur da kayan gyara ba. Ka sake lissafin yadda kake so, ba zai fita ba.

Na biyu, yashin kansa. Mutane na ganin ƙafa uku sai su ɗauka ya fi babur ƙarfi a rairayi. A kan tsakuwa da ƙasa mai tauri haka ne, ba ya faɗuwa, yana ɗaukar kaya, ga giyar baya. Amma motocin da ke bin Tenere, hamadar da ke tsakanin Agadas da Bilma, sun riga sun haƙa sawu biyu masu zurfi daidai faɗinsu, naka faɗin bai kai ba. Ƙafafun babur su faɗa cikin sawu, ƙafar kwando ta hau tsibin tsakiya, cikin injin ya zauna a yashi. Na ga wannan da idona a gabas da Agadas, wani baƙo ne da irin naka yana biye da ayarinmu. Kafin azahar ya kafe sau shida. A na bakwai na durƙusa zan tona masa ƙarƙashi da kwanon cin tuwona, sai na ji ƙauri kamar an ƙona gashin akuya: kuloci ne ya ƙone. Kan silinda kuwa, na tofa yawu ya ƙafe kafin na ɗauke kai. Injin nan iska ce ke sanyaya shi, idan kana rarrafe iskar ba ta isa. A ƙarshe mu goma sha wani abu muka ɗaga shi muka ɗora kan buhunan gero a bayan motarmu, mai shi yana zaune a gefensa yana hawaye.

Kuma ko da inji bai ba ka kunya ba, abin hawa ɗaya ba ya shiga Tenere. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa 'yan ƙasar Kance ne, maƙwabtanku na Daura. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Shi ya sa masu zuwa Dirku suke jiran ayarin da sojoji ke rakawa daga Agadas, wanda aka saba tashinsa ranar Litinin. Ban da ƙishirwa akwai 'yan fashi.

Yanzu ga abin da zan yi in da ni ne kai. Wannan Disamba ka sa Agadas a gabanka, in hali ya yi ka ƙara da Timiya a cikin duwatsun Azbin. Ka fita ta Kongolam, ka bi Matamaye zuwa Damagaram, ka kwana. Daga nan zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne ta Tanut da Adarbisinat, wani wurin kwalta, wani wurin ramuka da gargada. Wannan hanya ita ce makarantarka. Kowane tsayi ka rubuta kilomita nawa ka yi, lita nawa ka sha. Timiya kuwa tana da nisan kilomita ɗari biyu da ɗoriya daga Agadas, hanyar dutse ce da busassun koramu, inda kwandon naka zai yi amfani. Lambunan lemo da rumman ne a tsakiyar baƙaƙen duwatsu, wallahi sai ka tsaya kana kallo. Amma da ɗan jagora Buzu da motarsa za ka je, bayan ka sanar da jandarma sun yarda. In sun ce a'a, ka haƙura. Kuma kada ka sauka daga sawun da motoci suka bi, don an dasa nakiyoyi a yankin lokacin tawayen 2007 zuwa 2009.

Kafin nan ka koyi halin abin hawanka a fili. Kwandon Ural a dama yake. In ka ja totur zai ja ka dama, in ka taka birki ya karkata hagu, in ka sha kwanar dama da gudu ƙafar kwando ta tashi sama. Saboda haka ruwa da duk abu mai nauyi a ƙasan kwando suke zama, ba a bayanka ba. Sandar da ke haɗa ƙafar kwando da inji kuwa, a yashi ko taɓo kawai ake sa ta. Tana kulle ƙafafun baya biyu su juya tare, kan babur ya ƙi lanƙwasa. Kana fita ƙasa mai tauri ka cire.

Kayan gyara: faifan kuloci, wayar kuloci da ta totur, filogi, tiyub biyu ban da safayar taya, faci da famfon hannu, baƙin mai, da iyakilina, wato matatar iska, ta biyu, don ƙurar hunturu tana toshe ta cikin kwana ɗaya. Duk man da ka saya a kwalba ko jarka ka tace shi da kyalle mai tsabta, musamman in naka na 2014 zuwa sama ne mai injekta. Kullum da safe ka bi wayoyin ƙafa da sifana kana ƙwanƙwasawa, wadda ta yi sako-sako muryarta daban ce. In za ka rage iskar taya a yashi, kaɗan-kaɗan, don tiyub yana tsinkewa a bakin bawul. Ka ɗauki bargo mai kauri da rawani, daren Azbin a Disamba yana kusa da daskarar da ruwa. Sabis na waya yana ɗaukewa da zarar ka bar manyan garuruwa, sai ka tabbatar jagoranka yana da Turaya, wato wayar tauraron ɗan Adam.

Takardu kuma, tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kada ka dogara da yadda ake yi da. Ka je ƙaramin ofishin jakadancin Nijar a Kano da fasfo da katin rigakafi da takardun babur, ka tambayi abin da duwan, wato kwastan na Nijar, ke nema yanzu.

Bilma tana nan, ba inda za ta. In rabon ka ga ramukan gishirin da kakanka ya ci abinci da su yana nan, ka ajiye babur a Agadas ka shiga mota cikin ayari ta Dirku. Ka fara yi wa iyayenku bayani kafin ka ɗauki ƙanenka. In kun dawo daga Timiya ka aiko mini da littafin nan na lita da kilomita, mu duba tare.