Kyankyasai a gidan haya

'Yar'uwa, kin ce kullum kina feshi a ɗakinki da ke unguwar Nima a Accra, amma kyankyasai sai ƙaruwa suke. Feshi ba ya kashe ƙwansu. Yana cikin kwanso mai tauri, bayan 'yan makonni sai ya ƙyanƙyashe.

Ruwa da abinci ne ke riƙe su. Kada tukunyar wake da shinkafa ta kwana ba wanki. Ki goge gindin randa, garin masara kuma ki juye a roba mai murfi. Kwalayen ƙarƙashin gado ki fitar da su, nan suke ƙwai. Da dare ki toshe ramin da ruwan wanka ke bi zuwa kwata.

Don Allah ki haɗa kai da matan gidan, domin ta tsagar bango kyankyasan suke ratsowa daga ɗakin maƙwabta.