Amsa ga mai neman takardun kakansa na yaƙin Bama

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun shekaranjiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, don ba amsar layi biyu ba ce. Ka ce kakanka na wajen uba ya je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma (Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ya rage a hannunku lambar ƙirji guda ce da wani tsohon hoto, kana son sanin ofishin da za ka rubuta wa a Ingila su aiko maka da fayil ɗinsa.

Ni ma da wannan tunanin na fara, kuma shi ya ci mini kusan shekara guda a banza. Kada ka fara da Ingila. Sojojin da aka ɗauka a nan ƙasar, a nan aka ajiye takardun aikinsu, ba a haɗa su da na sojojin Turawa an kai Landan ba. Abin da Ingila za ta ba ka shi ne labarin bataliyarsa, inda ta bi da abin da ya same ta. Wannan ɗin ma ba zai buɗu ba sai kana riƙe da abu biyu: lambarsa ta soja da bataliyar da yake ciki. Su kuwa a gida ake samunsu.

Lambar soja ta nawa kakan, a adakar kakata na same ta, bayan rasuwarta. Gwaggona ce ta ce a duba ƙasan adakar, akwai wani ƙunshi da tsohuwa ba ta yarda kowa ya taɓa. Muka kwance tsumma, sai ga rasit ɗin haraji na shekaru, da laya guda biyu, da lambobin ƙirji, da ɗan littafin sallama wanda gara ta fara cin gefensa. A shafin farko an rubuta NA, sai lambobi suka biyo. Baffana ya kafe a kan wai En'e ake nufi, wato tsoho aikin ɗan doka ya yi. Sai da aka yi ta ja-in-ja kafin ya yarda cewa alamar sojan Nijeriya ce, kamar yadda na Gana a wancan zamani suke da GC.

Dalilin da ya sa nake nanata lamba, suna kaɗai ba zai kai ka ko'ina ba. Mai ɗaukar soja yakan rubuta sunan yanka ne, ya liƙa masa sunan gari ko na ƙabila. Ka ƙiyasta yawan masu suna Musa da aka ɗauka a Kano, ko Garba a Sakkwato. Garin ma ba lallai mahaifar mutum ba ne, sau da yawa inda aka rubuta shi ne. Akwai waɗanda suka gudo daga gida ba da sanin iyaye ba suka sauya suna, akwai waɗanda suka tsallako daga ƙasashen da Faransa ke mulka. Ga kuma kunnen Bature: Muhammadu ya koma Moma ko Momo, Ibrahim ya zama Braima, Yusufu ya zama Yesufu, Usman ya zama Osumanu. Nawa kakan, sunan mahaifinsa da muke amsawa har yau ko sau ɗaya bai fito a takardunsa ba.

Lambar ƙirjin da kuke da ita, ɗauko ta ka duba da kyau. Idan tauraro ce mai tsini shida, sunanta na nan rubuce a zagaye a fuskarta. Ta Bama ƙyallenta ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Ta Afirka launin rairayi ce da ja a tsakiya. Kada ka wahalar da idonka neman sunansa a baya, Ingila ba ta zana suna a irin waɗannan ba a Yaƙin Duniya na Biyu. Amma in ka ci karo da wadda aka zana suna da lamba a bakinta, to ka yi gam da katar, aiki ya zo da sauƙi.

Mu lambobi biyu muka tarar, ta Afirka da ta Bama, kuma su suka fara nuna mini hanya. Gwaggo takan ce Baba ya yi yaƙin Taliya kafin ya je Bama. Ashe bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 na sojan Nijeriya ne aka kai gabashin Afirka yaƙi da Taliya, suka shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, suka nausa Habasha. Bayan sun dawo, su ɗin ne aka sa cikin runduna ta 82 aka tura Bama. Ka ga daga tarin bataliyoyi na dawo guda uku, littafin sallama ya ware mini ɗaya.

Hoton ma kada ka raina shi. Ka ɗauke shi da waya mai kyau, ka buɗe wajen kafaɗa. Runduna biyu ce daga Afirka ta Yamma ta je Bama, duka an kafa su a 1943. Ta 81 tambarinta baƙin gizo-gizo ne, ita ta yi kwarin Kaladan a 1944, kuma bataliya ta 4 ta Nijeriya na cikinta. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 an cire su daga cikinta aka haɗa su da dakarun Chindit na Janar Wingate, masu kutsawa bayan Japanawa. Ta 82 tambarinta mashi biyu ne da aka giciye a kan gammo. Ita ta shiga fagen daga a ƙarshen 1944, ta bi kwarin Kalapanzin, aka kama Myohaung a Janairun 1945. Ban da uku ɗin can na farko, ta 5 da ta 9 da ta 10 su ma a cikinta suke. Kuma ba kowa ne ya riƙe bindiga ba. Da yawa 'yan dako ne masu kakin soja, su suka ɗauki harsashi da abinci a ka, a dajin da mota ba ta shiga. In ya zamana kakanka cikinsu yake, kada wani ya sa ka ji kunya, gammon nan da ke jikin tambari nasu ne.

Ka zauna da tsofaffin gidanku, musamman mata. Su suka ji labarin da daddare, su suka riƙe kalmomin da maza suka manta. Kakata takan kira wani wuri da ni a da nake zaton shirme ne irin na tsufa, sai daga baya na gane Kalapanzin take faɗa da harshenta. Wata dabara: karanto musu sunayen barikokin soja, Dalet da Kalapanzin na Kaduna, Chindit na Zariya, Letmauk na Ibadan, Arakan da Myohaung na Legas. Duk daga wancan yaƙi aka samo su. Wanda ka ga tsohuwa ta ɗago kai ta ce "yauwa, shi", rubuta shi. Yaran gida kuma a yi musu bayani, don wani ɗan yayana har ya shiga sakandare yana zaton Bamar Barno ake nufi.

To, sai yanzu Ingila. A ma'ajiyar tarihinsu da ke Kew, a Landan, akwai littafin da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum. Na fagen Bama suna ƙarƙashin jerin fayiloli mai lamba WO 172, na zaman da aka yi a nan Afirka ta Yamma WO 173. Jerinsu na intanet, amma takardun kansu sai an je, ko a biya a kwafo. Ni ɗan wani abokina da ke karatu can na roƙa, ya yanki katin shiga, ya wuni yana ɗauko mini hotuna da waya, Allah Ya saka masa.

Ka shirya zuciyarka kafin ka karanta. Hafsa Bature in zazzaɓi ya kama shi sai an rubuta sunansa. Namu kuwa galibi ƙidaya su ake yi da haruffa uku, AOR, wato ƙananan sojoji 'yan Afirka, a ce kaza sun mutu, kaza sun ji rauni. Na bi shafi ɗaya bayan ɗaya har tsakar dare ina neman lambar kakana, babu. Ran nan raina ya ɓaci ƙwarai. Amma da na je gida na riƙa fassara wa Gwaggo, na zo inda ake maganar jirgi yana sako musu abinci da lema, sai ta dafa hannuna ta ce, "Tsaya ɗan nan. Ashe gaskiya Baba yake faɗa." Shekara da shekaru suna ɗauka ƙarin gishiri ne irin na tsohon soja, wai shinkafa na saukowa daga sama. Ta yi kuka, ni ma ban iya ci gaba ba sai washegari.

Wurare biyu ne suna ke fitowa. Wanda aka ba lambar jarumta, takardar da hafsansa ya rubuta yana bayanin abin da ya yi tana cikin WO 373, ana saukewa daga intanet, nan take za ka iya gwadawa. Na biyu, wanda bai dawo ba. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, CWGC, tana da rumbun sunaye da kowa zai bincika kyauta. Kakana da wani abokinsa suka bar gari rana ɗaya, shi ya dawo a 1946, abokin shiru. Na gwada rubutun sunan iri shida kafin ya fito, kuma abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, lambarsa kusa take da ta kakana. Sunan na jikin bangon tunawa na Rangun, a maƙabartar Taukkyan, inda aka zana sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Na buga takardar na kai wa jikokinsa, aka tara malamai aka yi masa addu'a.

A gida Nijeriya, ka leƙa ofishin 'yan mazan jiya na jiharku, wani lokaci akan dace da tsohon rajista ko dattijon da ya san gidan. A ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ka nemi fayilolin lardinku, na ɗaukar soja da na sallama da sama wa tsofaffin sojoji aiki. Ka kuma tambayi tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, don ta riƙa kawo labarin yaƙin da wasiƙun sojoji. Sai dai ka tafi da haƙuri. Akwai wani ofishi da na yi wa sawu huɗu, kullum mai makulli ya fita, ran na biyar aka buɗe ɗakin na tarar ruwan sama ya riga ni. 'Yan'uwanmu na Nijar da kakanninsu suka yi wa Faransa soja, tasu hanyar daban ce, a garin Pau ake ajiye irin waɗannan takardu.

In kun samu wata takarda, kada a kai ta a manne ta da leda mai zafi, kada kuma a goge lambar da toka ko omo. A ɗauki hoto gaba da baya, a sa a ambulan. Ka turo mini hoton lambar da na kafaɗarsa in duba, ka kuma gaya mini ko cikin 'ya'yansa mata akwai wadda take da rai. In akwai, ka je mata da waya cike da caji a wannan satin, kada ka jira hutun Sallah.