Tambaya da Amsa: Wai Mece Ce WAG?

Tambaya: Anti salamu alaikum. Ni 'yar Arsenal ce tun ina sakandare, ranar nan na yi komen a wani fej na ƙwallo a Facebook sai wani ya ce wai ni groupie ce, wani kuma ya ce a'a WAG dai nake son zama. Don Allah zagi ne ko me?
— Ƙanwarki daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya ba yabonki suka yi ba. Groupie asalinta ma ba kalmar ƙwallo ba ce, tun shekarun 1960 Turawa ke kiran 'yan matan da ke bin mawaƙa gari-gari da ita, wato ba waƙar ce ta dame su ba mawaƙin suke so, daga baya aka jawo ta cikin wasanni.

WAG kuwa gajarta "matan 'yan wasa da budurwoyinsu" aka yi da Turanci. Jaridun gulma na Ingila ne suka yayata ta lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006 a Jamus, da matan 'yan wasan Ingila irin su Victoria Beckham suka sauka a garin Baden-Baden, kullum sai an buga hotonsu suna shiga kanti suna fita da manyan jakunkuna da baƙin gilashi, har da Fotugal ta fitar da Ingila a bugun fenariti wasu suka ce ai matan ne suka ɗauke wa mazan hankali. Ka ji fa, namiji ya barar da fenariti amma laifin matarsa ne.

A Kanada ma suna da tasu, puck bunny, a wasan hoki na kan ƙanƙara, puck shi ne ɗan baƙin faifan roba da suke bugawa, bunny kuma zomo. Duk maganar ɗaya ce, wai mace ba don wasa ta zo ba.

Mu nan sai dai a ce 'yar Arsenal ko 'yar Man U, kuma ke ma kin san gidan kallon ƙwallo na unguwa benci-benci duk maza ne, shi ya sa in mace ta buɗe baki kan ofsayid wasu sai abin ya tsaya musu a wuya. Idan wani ya sake yi miki, tambaye shi waye golan Arsenal a kakar 2003/04 da suka buga wasa 38 na gasar Firimiya ba a doke su ba. Jens Lehmann ne, amma kar ki faɗa masa, bar shi ya je ya yi gugul.