Me ya hana alƙalai duba bidiyo a wasan Saints da Rams?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara kallon ƙwallon Amurka ta gasar NFL ba. Kwanan nan na ci karo da bidiyon wasan New Orleans Saints da Los Angeles Rams na 2019, inda aka banke wani ɗan wasa tun ƙwallo ba ta iso shi ba, alƙalai kuma suka yi gum. Su ba su da irin VAR ɗinmu ne? Kuma me ya sa wasu ke ɗora wa kocin Saints laifi, alhali shi aka zalunta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka taɓo inda yake yi wa mutanen New Orleans ƙaiƙayi har gobe, kuma ni ma ban taɓa kallon bidiyon nan raina bai ɓaci ba.

An yi wasan ranar 20 ga Janairun 2019 a filin Superdome, gidan Saints. Wanda ya ci shi ne zai je Super Bowl, wasan ƙarshe na shekara. Kafin mu shiga cikin maganar, riƙe wannan: ƙungiyar da ke da ƙwallo ana ba ta yunƙuri huɗu ta ci yadi 10, in ta ci a sabunta mata wasu huɗun. In mai jifa ya jefa ƙwallo ba a cafe ba, agogo yana tsayawa. In kuwa da gudu aka tafi da ita aka kayar da mutum cikin fili, agogo yana ci gaba da tafiya, sai dai in wata ƙungiya ta kashe ɗaya daga cikin damar tsayar da agogo uku da take da su a kowane rabin wasa.

Ana 20 da 20, saura minti 1 da daƙiƙa 49, Saints na kan yadi na 13 daga gidan Rams, wato ƙarshen filin da suke son kai ƙwallo su ci maki, a yunƙuri na uku. Mai jifan Saints, Drew Brees, ya jefa wa Tommylee Lewis ƙwallo ta gefen dama. Nickell Robey-Coleman na Rams ya taho a guje, ko waiwayar ƙwallon bai yi ba, ya yi karo da Lewis hular kwano da hular kwano, ƙwallo na sama. Laifi biyu ke nan a lokaci guda: tare mai cafewa kafin ƙwallo ta iso, da dukan kai. Alƙalai bakwai ne a fili ƙarƙashin Bill Vinovich, amma ba wanda ya zaro ƙyallen nan ruwan ɗorawa da ake jefawa in an ga laifi. Shi kansa Robey-Coleman ya amsa bayan wasa cewa ya riga ƙwallon isa, daga baya kuma NFL ta ci shi tarar dala 26,739 kan dukan kan.

Duba bidiyo kam suna da shi, sun ma riga ƙwallon ƙafa farawa da shekaru masu yawa. Koci yana da jan ƙyalle da yake jefawa in yana ƙalubalantar hukunci, in ya faɗi ya yi asarar damar tsayar da agogo ɗaya. A minti biyun ƙarshe kuwa ƙyallen nasa ba ya aiki, jami'in bidiyo ne kaɗai ke da ikon cewa a tsaya a duba. Amma ba wannan ne ya ɗaure su ba. Doka ta ware abubuwan da ake dubawa: ƙafa ta taka layi ko ba ta taka ba, ƙwallo ta taɓa ƙasa, gwiwa ta sauka kafin ƙwallo ta suɓuce. Tare mai cafewa ba ya cikinsu, domin an ɗauke shi a matsayin abin da alƙali ke aunawa da idonsa nan take. Ko da jami'in bidiyon ya gani sarai, hannunsa a ɗaure yake.

Da alƙalai sun jefa ƙyallensu, da Saints sun samu sabbin yunƙuri huɗu dab da gida. Sai Brees ya riƙa durƙusawa da ƙwallo yana cinye lokaci, su buga bugun turaku mai maki 3 saura 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan. A maimakon haka Wil Lutz na Saints ya buga saura minti 1 da daƙiƙa 41, ci ya koma 23 da 20, Rams na da isasshen lokaci. Greg Zuerlein na Rams ya farke daga yadi 48, aka tafi ƙarin lokaci, aka sace wa Brees jifa, Zuerlein ya sake bugawa daga yadi 57. Aka tashi 26 da 23.

Batun kocin Saints Sean Payton kuma, masu sukarsa yunƙurin farko suke kallo. Lokacin da Saints suka isa yadi na 13, Rams na da damar tsayar da agogo biyu kacal. Da ya sa an yi gudu da ƙwallo sau uku a jere, da Rams sun ƙone biyun nan, gudu na ukun ya ci musu daƙiƙa 40, su karɓi ƙwallo saura kamar minti guda ba su da abin tsayar da agogo. Sai ya zaɓi jifa zuwa ga Michael Thomas, ƙwallon ta faɗi ƙasa, agogo ya tsaya wa Rams a kyauta. Na fahimci lissafinsa: gajeren jifa ne da Brees da Thomas suka saba cinsa kamar shan ruwa, kuma yana neman maki 7 ne ta hanyar kai ƙwallo cikin gidan Rams, don ya san minti guda ma kan ishi Rams su farke maki 3. Duk da haka a ganina ya yi kuskure, don a irin wannan gaɓa agogo ya fi yadi daraja. Sai dai ban yarda a haɗa kuskurensa da na alƙalai a mudu ɗaya ba. Shi zaɓi ya yi tsakanin hanyoyi biyu da doka ta halatta, su kuwa laifi aka yi a gabansu ƙiri-ƙiri suka bari ya wuce.

Hayaniyar da ta biyo baya ta sa a watan Maris na 2019 masu ƙungiyoyi suka kaɗa ƙuri'a, 31 da 1, cewa a riƙa duba laifin tare mai cafewa ta bidiyo, gwajin shekara guda. Gwajin bai yi armashi ba. Ofishin alƙalai da ke New York, ƙarƙashin Al Riveron, ya tsaya kan cewa sai kuskure ya fito fili ƙarara kafin a juya hukunci, aka yi ta mayar wa kociyoyi da ƙorafinsu har yawancinsu suka daina ɓata ƙyallensu. Ranar 5 ga Janairun 2020, a wannan fili na Superdome, Kyle Rudolph na Minnesota Vikings ya miƙa hannu ya ture P.J. Williams na Saints kafin ya cafe ƙwallon da ta fitar da Saints a ƙarin lokaci, 26 da 20. Dokar tana aiki a ranar, ofishin New York ya ga hoton, ya ce turin bai kai laifi ba. Da kakar ta ƙare ba a sabunta dokar ba, aka koma gidan jiya: in alƙalin fili bai jefa ƙyalle kan tare mai cafewa ba, koci ba shi da inda zai kai kuka.