Amsa ga mai tambaya kan gem mafi muni a cikin tsofaffin gem

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun shekaranjiya na ga tambayarka, inda ka ce ka ji ana ta yaɗa cewa E.T. na Atari shi ne gem mafi muni da aka taɓa yi a duniya, kana so waɗanda suka riski tsofaffin gem su gaya maka ko haka ne, in kuma ba shi ba ne, to wanne ne. Na bi amsoshin 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun ce Battletoads, wasu sun ce Lion King na Sega, har da wanda ya ambaci Contra. Abin da ya sa na kasa yin shiru ke nan, domin an cakuɗa gem mai wahala da gem marar kyau, alhali kowanne hanyarsa daban. Ka yi haƙuri, maganar za ta ɗan yi tsawo.

Battletoads na 1991 ya wahalar da mu, babu musu. Duk wanda ya kai mataki na 3, inda ake hawa babur ɗin nan mai tashi ana kauce wa bango, ya san yadda tafin hannu yake jiƙewa da gumi. Lion King na 1994 ma haka, mataki na 2 kawai, wajen birai da jimina, ya tsayar da yara da yawa har suka haƙura. Amma ka lura da abu guda: idan ka mutu a waɗannan, ka san inda ka yi kuskure. Ka danna a makare, ko ka yi tsalle da wuri. Gobe ka dawo ka wuce wurin. Akwai wani yaro a layinmu da ya haddace bangayen Battletoads kaf, yana wucewa yana hira da mu. Gem ɗin da naci yake cinye shi ba zan sa shi a layin munana ba. Contra kuwa ban ma san ta ina zan fara kare shi ba, wanda ya faɗa ina jin tsokanar mu yake yi.

Mu dawo kan E.T. ɗinka. Mu a nan ba mu riski Atari 2600, na'urar gem ɗin da aka yi shi dominta, a lokacinsa ba, ni ma sai da na girma na samu kwamfuta sannan na buga shi ta manhajar Stella, wadda take kwaikwayon na'urar. Na shiga da niyyar ganin abin dariya, na fito ina tausayin wanda ya yi shi. Sunansa Howard Scott Warshaw, kuma ba ɗan koyo ba ne, shi ya yi Yars' Revenge, wanda har gobe ana sa shi cikin mafi kyawun gem na Atari. A ƙarshen watan Yuli na 1982 aka kammala cinikin izinin amfani da sunan fim ɗin E.T., mai labarin wata halitta daga sararin samaniya, a kan kuɗi sama da dala miliyan 20, aka ce masa ana son gem ya kammala kafin 1 ga Satumba don a riski kasuwar Kirsimeti. Mako biyar da 'yan kwanaki ke nan, shi kaɗai, a zamanin da irin wannan aiki yake cin wata shida ko fiye. Na'urar kuma ƙwaƙwalwar aikinta bayit 128 ce kacal, ko saƙon tes ɗaya cikakke ba za ta ɗauka ba.

Abin da ake so ka yi a ciki shi ne ka tattaro ɓangarori uku na waya, waɗanda aka ɓoye a cikin ramuka, ka kira jirgi ya zo ya ɗauke ka, kana guje wa wani jami'in tsaro da wani masanin kimiyya. Matsalar tana wajen ramukan. Da zarar wani sashe na jikin E.T. ya taɓa bakin rami, ko da kansa ne ba ƙafarsa ba, sai ya rufta. Ka miƙe masa wuya ya taso a hankali, yana fitowa ka ɗan motsa ba daidai ba, ya sake komawa, ƙarfinsa kuma yana ta raguwa. Yaro ɗan shekara bakwai da aka ba shi kyauta ranar biki, bai karanta takardar bayani ba, faɗuwa biyar zai yi ya ajiye hannun gem ɗin. Haka aka yi ta mayar da shi shaguna. Atari ta buga kaset miliyoyi fiye da abin da kasuwa za ta sha, ta tafka asarar sama da dala miliyan 500 a 1983, har a watan Satumba na shekarar aka kwashi kaya mota-mota aka binne a bolar garin Alamogordo da ke jihar New Mexico a Amurka. Shekaru ana musu kan ko an yi hakan ko tatsuniya ce, sai a Afrilun 2014 aka haƙa wurin aka tono kaset kusan 1,300, kuma ba E.T. kaɗai ba ne a ciki, har da wasu gem ɗin da ba wanda yake zagin su.

To ni a wajena wannan kura ce da shan bugu. Gem ne da sauri ya haifi nawa a kansa, amma yana da farko yana da ƙarshe, ana iya cinye shi, kuma abin da aka rubuta a takardarsa shi ne a cikinsa. Kasuwar gem ta Amurka da ta rushe a 1983 ba shi kaɗai ya rusa ta ba. Kafin shi an yi Pac-Man na Atari a farkon 1982, wanda aka sayar da sama da miliyan 7 amma fatalwun cikinsa suna ta ƙyaftawa kamar ƙwan lantarki mai shirin mutuwa, ga kuma ƙananan kamfanoni barkatai suna ta zubo tarkace a shaguna. E.T. dai shi ne mai sunan da kowa ya sani, sai aka ɗora masa kayan kowa.

Ma'aunina na muni daga wani abu da ya same ni na samo shi, bari in ba ka labarin.

Muna yara a Kano, abin da ya fi yawa a gidaje shi ne gem ɗin nan mai kaset ruwan ɗorawa, kwaikwayon Famicom, na'urar gem ta kamfanin Nintendo na Japan, da ake shigowa da shi daga ƙasashen Asiya. Hannu biyu, bindigar harbin agwagi, da adafta mai zafin da sai an riƙa cire ta tana hutawa. Wata ƙaramar salla na haɗa duk barka da sallar da na samu, daga gidan kakanni har na maƙwabta, ban sayi ko alewa ba, na bi yayana kasuwa. A wani shago na hango kaset da hoton wasu ƙarata biyu suna dambe, jini yana tsartuwa, an jera lamba tara har guda bakwai a goshinsa, wato gem kusan miliyan goma a kaset ɗaya. Mai shagon ya zura shi a na'urarsa, jerin sunaye ya fito da kiɗa mai daɗi da tsuntsaye suna shawagi a bakin teku, ya danna na farko, Mario ya fito. Ya ce, “Ka gani ko, yaro? Har ka tsufa ba za ka gama ba.” Na ƙirga masa kuɗina.

Muka dawo gida, yaran layi suka cika ɗaki. Na hura kaset, na zura, yayana ya murɗa talabijin har hoto ya tsaya. Na 1 Mario. Na 2 harbin agwagwa. Na 3 tanka. Na 4 mai hawa zaki yana tsallake wuta. Na 5 da na 6 wasu ne da na manta. Na 7 Mario ne, amma ya fara daga wani mataki. Na 8 agwagwa. Na riƙe maɓalli jerin yana gudu, na tsaya a ɗari biyu da wani abu, tanka ce, an sauya mata launi. Damben da ke jikin kwali babu shi ko'ina. Har magariba ina nema, yaran suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na kasa cin tuwo a daren nan. Gem shidan da ke ciki duk masu kyau ne, mun shekara muna buga su. Abin da ya ƙona min rai shi ne an dubi idona an yi min ƙarya, an karɓi kuɗin sallata.

Shi ya sa da na girma na ci karo da labarin Action 52, nan take na gane shi, kuma shi nake ba wa kambun muni. A 1991 wani kamfani mai suna Active Enterprises ya fitar da shi a Amurka don na'urar NES, ba tare da izinin Nintendo mai na'urar ba. Gem 52 a kaset ɗaya, a kan dala 199, a lokacin da gem mai kyau guda yake wajen dala 50. Lissafin da aka yi wa iyaye shi ne kowane gem bai kai dala 4 ba. Namu na ruwan ɗorawa aƙalla gem ɗin kirki ya sato ya maimaita. Wannan kuwa sababbi ne aka ƙaga cikin gaggawa, kuma da wuya ka tsinci guda da aka gama. Da yawansu harbi ne a sararin samaniya, baƙin allo da 'yan ɗigo-ɗigo, sunan kawai ake sauyawa. A wasu, tsalle ba ya aiki sai ka tsaya cak. A wasu ka faɗa rami ka ɓullo ta sama. Akwai biyu, Alfredo da Jigsaw, da a kaset da yawa ko buɗewa ba sa yi. Na 52 shi ne Cheetahmen, wanda suka ci burin zai kara da shahararren katun ɗin nan na kunkurun Ninja, har da ɗan littafin zane suka haɗa a kwalin. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne gasar da suka sa a kan wani mai suna Ooze, kyautar dala 104,000 ga wanda aka zaɓa cikin waɗanda suka kai wani mataki, alhali gem ɗin yana sandarewa tun kafin a je wurin. Ka auna yaron da ya dame ubansa har aka fitar da dala 199, ya kwana yana ƙoƙari yana zaton laifin hannunsa ne.

A ɓangaren kwamfutar tebur kuwa, Big Rigs na 2003 ne ɗan'uwansa na jini. Kwalin ya yi alkawarin tseren manyan motoci, ɗaukar kaya, 'yan sanda suna bin ka. Babu kaya, babu ɗan sanda ko ɗaya. Motar da za ku yi tsere da ita ba ta motsawa daga layin farawa. Gida ko bishiya ratsa su kake yi kamar hayaƙi, gada kuma ka nutse ta cikinta ka fito ta ɗaya gefen, dutse komai tsayinsa hawa kake yi gudu bai ragu ba. In ka sa ribas, gudun ba shi da iyaka, allon lamba ya yi ta hawa har ya zarce hankali, kana sakin maɓalli motar ta tsaya cak. Ɗaya daga cikin hanyoyi biyar na ciki in ka zaɓe ta gem ɗin rufewa yake yi. Ka ƙetare layin ƙarshe a nuno maka kofi da rubutun “YOU'RE WINNER”, ko Turancin ba a duba ba. Daga baya sun fitar da gyara, abokin tseren ya fara tafiya, amma sai ya tsaya dab da layi. A shafin Metacritic, mai tattara makin masu sharhi, maki 8 cikin 100 yake da shi. Wannan an sa shi a kwali an kai shago an karɓi kuɗin mutane, kuma ba zai yiwu a ce wanda ya tura shi bai san halin da yake ciki ba.

Superman na Nintendo 64, na 1999, shi ma yana kusa. An ba ka jarumin da ya fi kowa ƙarfi, sai a ce ka yi ta ratsa zobba a sama agogo yana ƙirga maka, cikin wani koren hazo da ba ka ganin gabanka, juya shi kuma kamar tuƙa amalanke. Na sa shi ƙasa da waɗancan biyun saboda ana iya kai shi ƙarshe in mutum yana da haƙuri. Irin su Shaq Fu da Zelda na Philips CD-i da wani ɗan'uwa ya ambata a sama, raunana ne, amma sunansu ya fi laifinsu girma.

In kana so ka gani da idonka, ka sauke Stella ka gwada E.T., amma ka nemi takardar bayaninsa ka karanta tukuna, don alamomin da ke fitowa a saman allo su ne duk sirrin wasan. Ka zaɓi salo na 3, wanda babu masu bin ka a ciki, har hannunka ya saba. Idan ka taso daga rami hoto ya sauya, kada ka ci gaba da tura shi sama, nan ne kansa yake taɓa baki ya koma. Ka yi hakan sau biyu ko uku, sannan ka buɗe Action 52 ka zaɓi kowace lamba ka ga dama, ka dawo nan ka gaya mana wanda ka fi daɗewa a kansa.